Abin da ya kamata a saya don kare gidan katako daga danshin baranda

Mai niyyar kafa ɗakin katako a Bauchi, ko na hutawa a gona ko shago a bakin hanya, yawanci hankalinsa yana kan gara, alhali danshi ne ke yi mata jagora. Ɓarnar ta fi somawa ne a inda daɓen baranda ya haɗu da gindin bango, domin ruwan da ke zubowa daga kwano a watan Agusta yana dukan daɓe ya fantsama, siminti kuma ya tsotsi laima ya miƙa wa itacen da ke zaune a kansa. Katako yana fara ruɓewa idan danshin da ke cikinsa ya daɗe sama da kashi 20 cikin ɗari.

Abu mafi arha da kafintoci ke ba da shawara shi ne baƙin mai. Yana da sauƙin samu a wurin bakanike, amma rana tana busar da shi, ruwa yana wanke shi zuwa cikin ƙasa, kuma ba ya hana laimar da ke tasowa daga ƙasa. Maganin itace irin Solignum ya fi shi nesa ba kusa ba wajen korar gara, sai dai shi ma ba shinge ba ne tsakanin itace da siminti.

Shingen gaskiya iri biyu ne, leda mai kauri da kuma shimfiɗar kwalta da ake sayarwa a naɗe. Leda ta dace da ƙarƙashin daɓe, muddin an sayi mai kaurin milimita 0.3, aka shimfiɗa ta a kan yashi mai laushi, aka kuma ɗora bakin wata a kan wata da aƙalla santimita 15. Ledar da ba ta kai haka ba, tsakuwa ɗaya ta isa ta huda ta tun kafin birkila ya gama zuba kankare. A ƙarƙashin katakon da ke kwance a kan fandisho kuwa, ni shimfiɗar kwalta zan zaɓa ko da ta fi tsada, saboda tana jure nauyi kuma tana manne wa ƙusa ko ƙarfen da ya ratsa ta. Kwaltar shafawa tana da amfani a bayan bulon fandisho, amma zafin Maris da Afrilu yana iya tsattsaga ta idan an bar ta a fili. Garin hana ruwa da ake zubawa a siminti taimako ne kawai, ba ya rufe tsaga.

Duk wannan kaya ba zai yi aiki ba idan aka zuba daɓen baranda daidai da katakon. Wajibi ne gindin itacen ya ɗara saman daɓe da santimita 15 ko fiye, daɓen kuma ya gangara waje da kusan santimita 2 a kowace mita. Inda fili ya ba da dama, a bar tazarar santimita 30 tsakanin baranda da bango a cika ta da tsakuwa, domin tana kashe fantsamar ruwa. Idan ƙasar wurin laka ce mai riƙe ruwa, sai a binne bututu mai huji a ƙarƙashin tsakuwar ya kai ruwan zuwa kwata. Magina da yawa ba sa son wannan tazara, wai tana ɓata kyan gida, amma ita ce mafi arha a cikin duka aikin.

Idan kuɗi bai isa komai ba, a fara da shimfiɗar kwalta da indararo mai tare ruwan kwano, sannan leda, sannan maganin gara. Wajen zaɓen katakon gindin bango a kasuwar Muda Lawal, a nemi busasshen itace mai tauri irin maɗaci ko loko, a bar farin katako mai taushi don aikin silin.