Ƙwan ɓera a kwanon gwaji: mai riga da tsirara

Ƙanenmu da ya zo hutu ƙauyenmu wajen Ringim ya tambaya: in za a nunar da ƙwan haihuwa na macen ɓera a ɗakin gwaje-gwaje, a bar masa ƙwayoyin kumulus da suka lulluɓe shi ne ko a tuɓe su? Ya ce ai ya ga duka biyun suna nuna.

Haka ne ƙanena, suna nuna. Da zarar an fito da ƙwai daga jakarsa ta cikin ma'ajiyar ƙwai ta macen, da kansa yake kama hanya. A zafin digiri 37 da iskar kabon kashi 5 cikin ɗari, bayan awa 14 zuwa 17 za ka hangi wani ɗan ƙullutu, alamar ƙwan ya nuna, ya fito a gefe, ko mai riga ko tsirara. Sai dai wannan nunar ido ce kawai. Bambancin sai an zuba maniyyi yake fitowa.

Mai riga yana da masu ciyar da shi. Tun 1967 Biggers da Whittingham da Donahue suka nuna cewa ƙwan ɓera ba ya iya cin gulukos yadda ya kamata, sai ƙwayoyin kumulus sun sarrafa shi ya koma fairubet, sinadarin da ƙwan ke iya ci, su miƙa masa. Kamar jariri ne da tsabar gero: sai uwa ta surfa, ta niƙa, ta dama. In aka ƙara FSH, sinadarin jiki mai sa jakar ƙwai ta girma, a ruwan da ake rainon ƙwan a ciki, rigar takan buɗe ta yi yauƙi. A 1984 Schroeder da Eppig, a cibiyar Jackson ta Amurka, sun samu 'ya'yan ɓera masu rai daga ƙwan da ya nuna a kwano.

Tsirara kuwa, amfaninsa ganin ƙwaƙwaf: madubin gwaji zai nuna maka duk abin da ke gudana, allura ma ta fi sauƙin shiga. Amma dole ka zuba masa fairubet da hannunka, kuma duk da haka waɗanda ke kai wa ɗan tayi mai ƙwari sun fi ƙaranci.

Akwai matsalar da ke cin duka biyun. In ruwan rainon babu ruwan jinin ɗan tayin saniya, ɓawon ƙwan yakan taurare, maniyyi ya yi ta kewaye ya kasa hudawa. Furotin da ake kira fetuwin, da ke cikin ruwan jinin, ne ke hana hakan. Da yawa sukan ɗora wa namijin laifi, alhali ɓawo ne ya rufe ƙofa.

Ni dai in haihuwa ake nema, a bar masa rigarsa. In kallon yadda yake nuna ne, a tuɓe.

Mu nan kuma mu kula da bazara. Yawancin akwatunan raino ɗumamawa kawai suke yi, ba sa sanyayawa. A watan Afrilu zafin Jigawa yakan haura digiri 40, to in ɗakin babu na'urar sanyi, ko wuta ta ɗauke da rana tsaka, kwanon zai wuce 37 ba tare da ka ankara ba.