Wata uku da sabuwar shakazoba da wilin sarka a belomobil ɗina

Belomobil keke ne, galibi mai taya uku, biyu gaba ɗaya baya, wanda ake tuƙawa a kishingiɗe cikin rufaffen ƙoƙo mai yanka iska. Nawa a shimfiɗaɗɗiyar kwalta ba ya da laifi, amma da na fara hawan tudu sai in ji kamar ina taka katifa. Na daɗe ina zargin ƙafafuna, ashe ƙarfin a hanya yake zubewa kafin ya isa tayar baya.

Abu biyu na saya: shakazoba mai iska ta tayar baya, da ƴar wili mai haƙora wadda ke tallafe sarka a ƙarƙashin kujera.

Wilin ce ta fi ba ni mamaki, ga ta ƴar mitsitsiya. Sarkar irin wannan keke ta kai tsawon ta keken yau da kullum kusan sau uku, kuma duk inda ta lanƙwasa ko ta gogi wani abu, akwai asara. Tsohuwar wilin ta roba ce, duk takun feda sai sarka ta nutse cikinta. Sabuwar tana da haƙora da boris mai kyau, ta kuma fi faɗi, don haka lanƙwasar ta ragu. Da na rage tsawon bututun da sarka ke bi ta ciki, gurnanin nan da ƙoƙon ke ƙara wa amo kamar ganga ya lafa. Wanda bai taɓa zama ciki ba ba zai gane daɗin wannan shirun ba.

Shakazoba kuwa sai da muka kai ruwa rana. Da farko na ɗura mata iska ta yi tauri, wai don kada jan sarka ya riƙa durƙusar da bayan keken yana lilo. Lilon ya tafi kam, amma ranar da na shiga gargada da gudu a kan kwana, tayar baya ta dinga tsalle, gindin ya goce gefe, gabana ya faɗi. Taya ɗaya ce tal a baya, in ta bar ƙasa babu mai riƙe ka. Na sassauta iskar har ta riƙa nutsewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu idan na zauna, na kuma rage saurin dawowarta. Yanzu tayar na manne da ƙasa, ɗan lilon da ya saura na haƙura da shi.

Inda na ga gazawa: takardar bayanin da ta zo da ita ta keken hawan dutse ce, ba ta amfane ni da komai ba, kuma bakin ɗura iskar ya maƙale a lungu, sai na ciro kujera kafin famfo ya kai.

Mai neman gudu ya fara da wilin da tsaftace sarka. Shakazobar ban ga ta ƙara mini gudun a zo a gani ba, amma na daina taka burki tun daga nesa duk lokacin da na hango gargada.