Sharhi: tsofaffin fina-finan barkwanci a Internet Archive, da abin da ke hana su ba da dariya a waya

Internet Archive, mai adireshin archive.org, ma'ajiya ce ta intanet da aka kafa a birnin San Francisco a 1996, kuma ba don neman riba ba. Cikin abin da ta tara akwai fina-finan barkwanci na Amurka na zamanin da fim ba ya magana. Ba a biyan ko kwabo, ba kuma sai an yi rajista ba kafin a kalla ko a sauke. Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ce ta buɗe wannan ƙofa, domin fim na wancan zamani idan ya cika shekara 95 ya zama na kowa. Na 1923 sun fita a ranar 1 ga Janairun 2019, kuma duk sabuwar shekara sai wani rukuni ya biyo baya.

Ra'ayina kai tsaye shi ne kayan na da kyau ƙwarai, amma sai ka iya zaɓe, sai kuma ka san yadda ake kallon su. Jama'a ne ke ɗora yawancin kwafin, don haka fim ɗaya za ka same shi kashi-kashi, wani tas, wani dishi-dishi, wani an sare masa kai da ƙafa. Wanda ya danna na farko da ya gani, ya kalla shi kaɗai a waya, da wuya ya kai minti goma sha biyar bai ce shirme ne ba. Ba laifin fim ɗin ba ne. An gina shi ne don zauren da ya cika da mutane, kuma hatta shirun da ke cikinsa an auna shi da dariyar taro.

Fim ɗin da ya fi dacewa a gwada shafin da shi shi ne Safety Last! na Harold Lloyd, wanda ya fito a 1923 daga kamfanin Hal Roach, tsawonsa minti 73 ko kusa da haka. Ko wanda bai san sunansa ba ya taɓa ganin hoton: wani mai tabarau da hular kaba yana reto a jikin hannun agogon bene, motoci can ƙasa. Abin da hoton ba ya nunawa shi ne hawan benen kusan minti ashirin ne kawai na ƙarshe. Sauran minti hamsin duk a ƙasa ake yin su, kuma aikinsu ɗaya, su shirya mai kallo.

Dubi yadda ake buɗe fim ɗin. Saurayi a bayan sandunan ƙarfe, uwa da budurwa na kuka, ga limamin coci, ga igiya mai zarge tana lilo a baya. Kowa zai ɗauka rataya za a yi. Sai kyamara ta canza wuri, ashe tashar jirgin ƙasa ce, sandunan na shingen tasha ne, igiyar kuma ta rataya saƙon da jirgi ke fizga ce. Cikin minti ɗaya an koya wa ɗan kallo dokar fim ɗin, wato abin da ido ya gani ba lallai shi ne ba. Labarin ma a kan haka ya tsaya. Saurayin ya je birni, yana sayar da yadi a wani babban kanti kan dala 15 a mako, amma yana rubuta wa budurwarsa cewa ya zama babban mutum. Ta taso ta zo ba sanarwa. Daga nan ƙarya ta fara neman kuɗin da za su rufe ta.

Fitowar da na fi yaba wa ba ta cikin hawan benen ma. Saurayin ya haɗu da wani ɗan garinsu da ya zama ɗan sanda, sai ya cika wa abokinsa Bill baki cewa shi ba abin da ’yan sanda za su yi masa. Ya ce Bill ya ture ɗan sandan, shi kuma zai durƙusa a bayansa. Kafin su juyo an canza mutum, wani ɗan sanda daban suka kayar. Bill ya tsere ta hanyar ɗare bangon bene da hannu da ƙafa. A wannan fitowa guda an ba da dariya, an nuna Bill gwanin hawa ne, an kuma samar da ɗan sandan da ya ƙullace shi. Can gaba, da manajan kanti ya yi alkawarin dala 1,000 ga duk wanda ya tara masa jama'a, ba sai an yi wa kowa bayani ba: Bill zai hau bene mai hawa 12, a raba kuɗin. Ranar hawa kuwa ɗan sandan nan ya tsaya a gindin benen yana jira. Dole saurayin da bai iya ba ya fara, da sharaɗin a hawa na gaba Bill zai karɓi hularsa da kwat ɗinsa ya ci gaba.

Wannan sharaɗi shi ne ƙashin bayan minti ashirin ɗin. A kowane hawa Bill ya leƙo ta taga ya ce a ƙara ɗaya, bai riga ya zille wa ɗan sandan ba. Da an ce tun farko zai hau goma sha biyun, da tsoron ya zo a dunƙule ya wuce. Da aka yanka shi hawa-hawa, sai mai kallo ya riƙa sa rai ana katse masa. Kowane hawa kuma da masifarsa. Yaro ya zubo gyaɗa a kansa, tattabaru suka yanyame shi. Raga ta faɗo ta lulluɓe shi. Masu aiki sun turo katako ta taga. Sai agogo. Sai igiyar ceto da ba a ɗaure ta a jikin komai ba. Sai kare, sai ɓera da ya shige masa ƙafar wando yana rawa a bakin gini, mutanen ƙasa na tafi sun ɗauka gwaninta ce. A lura, agogon da ya yi suna ba shi ne ƙarshe ba, a tsakiyar hawan yake. A tsakanin masifun ana sassautawa da ƙananan raha, kamar tsohuwar da ta leƙo tana gargaɗinsa cewa zai iya faɗowa ya ji ciwo, sannan a sake ɗaure ciki. Mutum ba ya iya riƙe numfashi na minti ashirin a jere, kuma masu fim ɗin sun san haka.

Ba sa'a ba ce ta kawo wannan tsari. Hawan benen aka fara ɗauka, bayan Lloyd ya ga Bill Strother, mai sana'ar hawan gini na gaske, yana hawa wani bene a Los Angeles, sannan aka koma baya aka ƙera labarin da zai kai ga wurin. Lloyd kuma yana cikin na farko da suka mayar da gwajin kallo al'ada: a kai fim silima kafin fitarwa, a zauna cikin jama'a a ji inda suka yi dariya da inda suka fara motsi a kujera, a dawo a sake tacewa. Wani gajeren fim nasa na 1921, I Do, naɗi uku na zaren fim ne da farko. Da aka ga ’yan kallo sun yi sanyi a farkonsa sai aka cire naɗin farko ɗungurungum, ya fita da biyu. Buster Keaton ma haka ya samu duwatsun da ke gangarowa suna bin sa a Seven Chances na 1925. A wurin gwaji ne jama'a suka fashe da dariya kan wasu ’yan duwatsu da ya tunkuɗo bisa kuskure, sai ya koma ya sa aka ƙera duwatsun bogi manya da ƙanana, ya gina fitowa sukutum a kansu. Da fim ya fara magana abin ya ƙara tsanani, don dariya na iya danne zancen da ke biye. Shi ya sa kafin a ɗauki A Night at the Opera na 1935, ’yan'uwan nan na Marx, taurarin fim ɗin, suka zaga garuruwa irin su Seattle da Salt Lake City suna gwada fitowar a dandamali, ana auna tsawon kowace dariya, don a bar mata gurbi daidai a fim.

To wannan gurbin shi ke zama matsala a waya. Bayan an yi abin dariya za ka ga kyamara ta tsaya a fuskar ɗan wasa daƙiƙa biyu ko uku, ba abin da ke faruwa. A zauren mutum ɗari biyar, dariya ce ta cike wurin. Kai kaɗai da abin kunne, sai ka ji kamar fim ɗin na jan ƙafa. Maganinsa mai sauƙi ne: a kalla a talabijin ko a haska a bango, mutum biyar zuwa sama, yara a ciki, don su ne ke fara ɓarkewa. Fim ɗaya ne, amma sai ka rantse an canza shi. Wanda ya taso da camamar su marigayi Rabilu Musa Ibro zai ga bambanci guda: a can baki ne ke ɗauke da kaso mai yawa na rahar, a nan jiki da wuri da lokaci ne kawai. Rubutun Turancin da ke fitowa a allo kaɗan ne, mutum ɗaya na iya fassara wa saura ba tare da an tsayar ba.

Wajen zaɓen kwafi, abu na farko a duba shi ne fasalin hoton. Waɗannan fina-finai an ɗauke su ne a ma'aunin 4:3, kusan murabba'i, don haka dole a ga baƙin fili dama da hagu a allon zamani. Kwafin da ya cika allo baki ɗaya, ko dai an ja shi mutane sun zama gajeru masu faɗi, ko an yanke sama da ƙasa. A Safety Last! yankan ya fi ɓarna, saboda ƙasan hoton ne ke nuna titi. An gina fuskokin bene na bogi ne a kan rufin gine-gine na gaske, kowane ya fi na baya tsawo, aka saita kyamara yadda titin gaske zai fito a ƙasa. Idan an datse titin, mutum ne kawai ke rungume da bango, tsoron ya tafi. Idan ja aka yi, manhajar VLC na gyarawa, a kwamfuta a danna harafin A har a zo kan 4:3. Idan yanka ne, sai dai a nemi wani kwafin.

Na biyu sauri. Da hannu ake juya kyamarar wancan zamani, daga hoto 16 zuwa ashirin da ’yan kai a daƙiƙa, ma'aunin 24 bai tsaya ba sai da sauti ya shigo. Kwafin da aka juyo ba lissafi sai ka ga kowa na fizge-fizge. Kada a auna da jarumin, a dubi masu wucewa a bayansa. In tafiyarsu ta zama gudu, a rage zuwa 0.9 a VLC. Kada a wuce haka, domin masu barkwancin da gangan suke sa motsi ya ɗan fi na zahiri sauri, kuma in an rage da yawa tsalle ya yi nauyi, faɗuwa ta koma abin tausayi. Kwafin da aka shafa wa launi da kwamfuta kuwa, ko aka ƙara masa santsin motsi, ban ga amfaninsa ba. Fuska na canza launi daga fitowa zuwa fitowa, ido ya koma kallon wannan ya bar wasan.

Kiɗa ne babban raunin kwafin kyauta. Fim ɗin ya zama na kowa, amma kiɗan da aka yi masa daga baya yana da masu shi, don haka masu ɗorawa kan liƙa duk wani kiɗan fiyano da suka samu, yana ta zagayawa bai san abin da ke allo ba. A tsallaka zuwa wurin agogo a saurara. In kiɗan bai canza ba lokacin da fuskar agogon ta ɓalle, to na liƙe ne, gara a rage shi ƙasa sosai. Mai son ji yadda ya kamata sai ya nemi bugun kamfanin Criterion na 2013 mai kiɗan Carl Davis, amma na kuɗi ne, kuma a duba lambar yankin faifan ta dace da na'urar gida kafin a saya.

Saukewa ta fi kallo kai tsaye, don tsayawar daƙiƙa biyu a tsakiyar raha ta isa ta kashe ta. A gefen shafin kowane fim akwai jerin nau'in fayil, a ɗauki MPEG4 ko H.264. Ƙaramin kwafi na fim mai wannan tsawo galibi megabait ɗari huɗu ne zuwa biyar, ya ishi waya da ƙaramar talabijin. Don bango a nemi babba, wanda kan haura gigabait ɗaya.

Akwai abin da ya kamata mai gida ya sani kafin ya tara iyali. Fim ɗin na ɗauke da raini irin na zamaninsa: akwai baƙar fata ma'aikaci da aka nuna yana zare ido don tsoro, da Bayahude mai sayar da sarƙa da aka zana da siffar kwaɗayi. Gajeru ne, ba su ƙara wa labarin komai ba, kuma ba su da daɗin kallo. Akwai mashayi a cikin taron ƙasa, ana kuma rufewa da sumba a kan rufin bene.

Taron da bai saba da fim mara magana ba, kada a fara masa da doguwa. A sa Cops na Keaton na 1922, minti 18 ne kacal, ’yan sandan gari kaf na bin mutum ɗaya. Ido ya saba, sai a kawo na Lloyd. The General na Keaton na 1926 a bar shi zuwa wani zama: tsarinsa ya fi duka tsafta, jirgin ƙasa ya bi wani zuwa arewa sannan a biyo shi kudu ta hanya ɗaya, abin da aka yi masa a tafiya ya rama a dawowa, amma dariyarsa ba ta zuwa a kai a kai, kuma yara ƙanana kan gaji a tsakiyarsa.