Ƙarin batir ko janareta: wanne ya fi wa mai sola?

Mai sola da ba ya kan layin wutar gwamnati, a watan Agusta yake gane iyakar kayansa: hadari ya rufe sama kwana biyu, infata, na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida, ta fara kuka don batir ya yi ƙasa.

Ƙarin batir ba ƙara, ba hayaƙi, ba zaryar gidan mai, kuma tun da aka cire tallafin fetur a 2023 wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Sai dai batir rumbu ne, ba ya noma. In faifan sola bai samu rana ba, me za a zuba masa? Ga tsada.

Janareta kuwa ko tsakar dare zai yi caji, amma ba wutar kowane janareta infata ke karɓa ba. Tana son wuta kusa da 230V da 50Hz. Ƙaramin nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, wutarsa hawa da sauka take yi, sau da yawa infata ta ƙi ta. A nemi wanda ƙarfinsa ya ɗauki kayan gida da caji lokaci guda, a rage ƙarfin caji a saitin infata, a kuma ajiye shi waje, don hayaƙinsa yana kisa.

Wanda sana'arsa ke buƙatar wuta ko da hadari, kamar mai sayar da ƙanƙara dai, janareta zan ce ya saya.