Kafin ka biya kuɗin feshin ƙarfe, ka san wane feshi za a yi maka

Ɗan'uwa, in har kayan injinka sun cinye ko zafi ya fara lalata su kuma aka ce maka a kai a yi musu feshi, to feshin nan ba iri ɗaya ba ne. Akwai na waya, wato a narka wayar ƙarfe a fesa, akwai HVOF, wato feshin gari da harshen wutar mai da oksijin mai tsananin gudu, akwai filasma, wato iskar gas da lantarki ya mayar harshen wuta mai tsananin zafi, da ake yi a fili cikin iska, sannan akwai filasma na cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska, wanda ake kira LPPS ko VPS. Ni dai na faɗa tun yanzu, wannan na ƙarshen shi ne nawa, musamman in maganar fuka-fukin injin tarbain ce.

Yadda ake yinsa, ana saka kayan cikin wata ƙatuwar tukunya ta ƙarfe a rufe ruf, a zuƙe iskar ciki kusan duka, sai a maido da iskar argon kaɗan, matsin ya tsaya wajen millibar 50 zuwa 200, alhali iskar da muke shaƙa kusan 1000 ce. Bindigar filasma tana hura argon haɗe da haidirojin ko hiliyom, zafin ya haura digiri 10,000, garin ƙarfen da aka zuba ya narke a kan hanya ya je ya manne. Da yake matsin ya yi ƙasa harshen wutar yana miƙewa ya yi tsawo sosai fiye da na fili, kuma babu oksijin ɗin da zai ci garin kafin ya sauka. Sirrin kenan. Shafin yana fitowa a cushe, ramukan cikinsa ba sa kai kashi 1 cikin 100 in an yi aikin da kyau. Abin da ya fi burge ni ma shi ne kafin a fara feshin ana iya juya wutar ta goge fuskar ƙarfen ta cire duk wata tsatsa ta kuma ɗumama shi, duk a cikin tukunyar, iska ba ta sake taɓa shi ba. Wani injiniya Erich Muehlberger ne ya ɓullo da dabarar a Amurka tun shekarun 1970, kuma har yau ita ake nema wajen shafin MCrAlY, wato haɗin nikel ko kobalt da kurom da alminiyom da ɗan itiriyom, da kuma feshin taitaniyom a kan ƙarfen da likitoci ke dasawa a ƙugu, domin taitaniyom da ya ji zafi yake shan oksijin.

Filasma na fili ba laifi, in tangaran za a fesa irin zakoniya mai itiriya kashi 7 zuwa 8 to ya isa, ai shi tangaran ba ya tsoron iska, ramukan ma amfani suke wajen tare zafi. HVOF kuwa na kayan da ke gogayya ne, shaf ɗin famfo, wato sandar da ke juyawa a cikinsa, da makamantansu, a sa tangistan kabayid, wani gari mai tsananin tauri, a wuce wurin. Feshin waya na gada da tankuna ne. Shafin kurom da ake yi ta tsoma kaya a ruwan sinadari ni ban ma son zancensa, ruwan da ake yi da shi yana jawo cutar kansa.

To ga inda aka cuce ni. Mun taɓa tura wasu fuka-fukai waje ta hannun wani dillali, takarda ta ce LPPS, kuɗin ma na LPPS muka biya. Suka dawo suna sheƙi, wallahi da ido ba za ka ce komai ba. Ba su daɗe a aiki ba da aka buɗe injin na ga shafin yana ɓarewa a bakin fiffike kamar ɓawon gyaɗa, na sa farce ya tashi. Da aka yanka ɗaya aka duba a madubin awo sai ga layuka baƙaƙe jere a tsakanin shafin, tsatsa ce, alamar a fili aka yi feshin. Har yau abin yana ci mini rai, saboda ni na sa hannu aka karɓi kayan.

Shi ya sa nake roƙonka don Allah kada ka yarda da baki. Ka ce a fesa wani ɗan guntun ƙarfe tare da kayanka a lokaci guda, a yanka shi a turo maka hoton cikinsa. Ka nemi sakamakon gwajin mannewa na ASTM C633, da takardar garin da aka yi amfani da shi mai lambar buhu, domin akwai masu haɗa tsohon gari da ya sha danshi da sabo. Ka tambayi matsin tukunyar nawa ne lokacin aikin, mai yin aikin da gaske nan take zai ba ka lamba, dillali kuwa sai ya fara kame-kame wai zai tambayo. Wasu kuma tanti kawai suke kafawa su hura argon a kewayen bindigar su ce maka ai duk ɗaya ne, ba ɗaya ba ne malam. Ka kuma tambaya ko za a gasa kayan a tanda mara iska bayan feshin, MCrAlY yana bukatar wannan gashin don ya kama jikin ƙarfen sosai, kuma nan ne ake yawan yin zamba tunda ba a gani da ido.

In aka ba ka farashi ya yi kusa da na feshin fili ka tsaya tukuna. Tukunyar nan da famfunan zuƙar iska da lokacin da ake ɓatawa kowane zubi duk kuɗi ne, kuma kayan da suka fi tukunyar girma ba sa shiga, don haka wanda ya ce zai yi maka LPPS a kan doguwar shaf ka ce ya turo hoton tukunyarsa da awonta kafin ka biya ko sisi.