Zama Uku Da Mai Ba Malaman Wucin Gadi Shawara

Shekara huɗu ke nan ina koyarwa a wata jami'a a kan kwantiragin da ake sabuntawa zango-zango, kuma tun shekarar farko shugaban sashenmu yake ce mini in ƙara haƙuri, gurbin dindindin na nan tafe, da zarar an buɗe shi kuma ni za a fara dubawa. Da na ga abin yana neman zama jiran gawon shanu, sai na biya kuɗi ga wani ofishi mai zaman kansa da ke ba malaman jami'a shawara ta intanet. Abin da suke sayarwa shi ne zama uku ta bidiyo, kowanne na awa ɗaya, tare da duba takardar kwantiragi da ta tarihin aiki, sannan gajeren rahoto a rubuce. Wadda aka haɗa ni da ita tsohuwar shugabar sashe ce da ta yi ritaya bayan ta daɗe tana zama a kwamitocin ɗaukar malamai.

Zaman farko shi kaɗai ya kusa biyan kuɗina. Na shiga da niyyar mu tattauna ko shugaban sashenmu mai gaskiya ne, amma ita ba ta tsaya a kan halinsa ba, sai ta tambaye ni wane ne yake sa hannu a takardar ɗaukar malamin dindindin a inda nake. Daga nan ta bi da ni hanyar da gurbi yake bi kafin ya zama aiki: sashe ne yake nema, tsangaya ta goyi baya ko ta ƙi, hukumar gudanarwa ta duba kasafin kuɗi da yawan ɗalibai, sannan a tallata, a kafa kwamiti, na waje su nema tare da na gida. Shugaban sashe yana da baki a matakin farko, yana kuma iya zama ɗaya daga cikin 'yan kwamiti, amma wa'adinsa yana ƙarewa, wanda zai gaje shi kuwa babu abin da ya ɗaure shi da maganar da ba a rubuta ba. A nan na fahimci cewa mutumin da ya yi mini alkawari, ko da zuciya ɗaya ya yi shi, ya yi alkawarin abin da ba a hannunsa yake ba.

Kafin zama na biyu ta sa na rubuta duk awannin da nake yi wa sashen a mako, har da shirya darasi, da duba takardun jarrabawa, da sauraron ɗaliban da nake kula da bincikensu, da tarurrukan da ba a biyana a kansu. Da na raba albashina da jimillar awannin, sai abin da nake samu a awa ya faɗi ƙasa da rabin abin da nake zato. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne bayanin da ta biyo da shi, cewa kwamitin da zai tantance masu neman gurbin zai fi kallon abin da mutum ya wallafa a mujallun ilimi, ni kuwa lokacin bincikena na ƙarar wajen ɗaukar kowane nauyi don in nuna biyayya. Hidimar da nake yi don in cancanci gurbin ita ce take rage mini ƙarfin takara idan an buɗe shi.

Ta kuma taimaka mini na rubuta wa shugaban sashen wasiƙa mai ladabi, wadda babu zargi ko barazana a cikinta. Na tambaye shi ko an miƙa buƙatar gurbin a rubuce, da matakin da ta kai, da shekarar kasafin da ake sa ran za ta shiga, da sharuɗɗan da za a nema. Amsarsa ta zo bayan mako biyu, cikin mutunci, kuma ta nuna cewa ba a ma miƙa buƙatar ba tukuna. Ban ji daɗinta ba, amma a shekara huɗu ita ce magana ta farko da zan iya gina shawara a kanta.

Inda ofishin ya gaza shi ne ɓangaren doka. Matar ta san yadda lamarin yake a ƙasashe daban-daban. Ta ambaci ƙa'idar Birtaniya ta 2002, wadda take mayar da kwantiragin wucin gadi na dindindin idan an yi ta sabunta shi har shekara huɗu a jere, sai fa in mai ɗaukar aikin ya kawo hujja karɓaɓɓiya. Ta ambaci dokar Jamus ta 2007, wadda ta ba jami'o'i damar riƙe mai bincike a kan kwantiragi shekara shida kafin digirin digirgir da wasu shida bayansa, da kuma sanarwar 1940 ta ƙungiyar malaman jami'o'in Amurka wadda ta ce kada lokacin gwaji kafin a ba malami gurbin dindindin ya wuce shekara bakwai, ko da yake yanzu akasarin masu koyarwa a can ba sa kan wannan turbar kwata-kwata. To amma da na tambaye ta matsayin kwantiragina ni kaina, sai ta ce in nemi ƙungiyar malamai ko lauyan da ya san dokar ƙwadago ta inda nake aiki. Gaskiya ta faɗa, kuma na yaba da hakan, sai dai tallar ofishin ta sa na ɗauka cewa duba kwantiragi yana nufin fiye da karanta shi da ja mini layi a wurare uku.

Zama na uku ya fi sauran rauni. Gyaran da aka yi wa takardar tarihin aikina irin wanda za a yi wa kowa ne, kuma an ɗan matsa mini in bar koyarwa gaba ɗaya, alhali na faɗa tun farko cewa aji nake so. Kuɗin ma ya yi nauyi, domin ya kai kusan albashina na mako guda kuma ba a yarda a biya shi kashi-kashi ba, abin da bai dace da ofishin da ya ce don masu ƙaramin albashi aka buɗe shi ba.

Duk da haka zan ba malamin da aka daɗe ana ce masa ya jira shawarar ya sayi zama biyu na farko, idan za a sayar masa da su su kaɗai, ya kai maganar doka wurin ƙungiyarsa. Ni dai na ajiye ayyuka biyu da ba a biyana a kansu, na mayar da ranakunsu ga makalar da na bari tun bara, na kuma nemi aiki a wasu jami'o'i uku. Na sanar da shugaban sashenmu cewa zan kammala zangon karatu mai zuwa, kuma idan har lokacin ba a miƙa buƙatar gurbin a rubuce ba, ba zan sa hannu a sabon kwantiragi ba.