Ofishin akantan da ya warware mini batun harajin kirifto

Na kai wa wani ofishin akanta a Kano bayanan cinikin da na yi na Bitcoin, wato wani nau'in kuɗin intanet da ake kira kirifto, domin in san ko ribar tana da haraji. Ma'aikaciyar ta baje takardun a kan tebur, ta ja layi da jan biro ƙarƙashin kowace ranar da na sayar, sannan ta bayyana mini cewa Dokar Kuɗi ta 2023 ce ta sanya wa ribar sayar da irin wannan kadara harajin kashi 10 cikin ɗari a Najeriya a wancan lokacin. USDT ɗin da yayana ya aiko mini kyauta kuwa, wato wani kuɗin kirifto da darajarsa ke bin ta dalar Amurka, ta ware shi daban, ta ce in adana shaidar cewa kyauta ce. Kuɗin aikinsu yana da ɗan tsada, amma haƙurinta wajen bayani ya gamsar da ni ƙwarai.